Makullin Khaula da Wayar Alhaji

Duk wanda ya san Khaula a Garwa ya san ba ta da haƙuri, ni kuwa da muke ofis ɗaya na fi kowa shan bakinta. 'Yar Alhaji Dawuda ce, mai atamfa a Bibemi. Ita kaɗai cikin 'ya'yansa ta ƙi zaman shago, ta bi lissafi har ta samu aiki a ƙungiyar manoman bakin kogin Binuwai.

Kullum da safe kwamfutarta kan shiga wani rumbun bayanai a intanet, ta kwaso alƙaluman ruwan sama da na tashin kogi, Khaula ta duba ta gaya wa manoma ko masararsu na cikin haɗari. Ba ta rubuta kalmar sirri. Akwai wani ɗan fayil ajiye a kwamfutar, makulli take ce masa, shi ke shaida wa rumbun cewa ita ce.

Cikin Agusta kwamfutar ta fara gardama, ta kai wa mai gyara. Bawan Allahn nan ya wanke ta tas, yadda suka saba, har da makullin. Ranar da ta karɓo ta kuwa kogi ya cika ya batse, manoma sun cika mana tsakar ofis suna jiran a ce musu su yanke masara ba ta gama nuna ba, ko su jira.

Rumbun ya ƙi ta. Sabon makulli sai da lambar da zai tura ta waya. Ashe sanda Khaula ta buɗe asusun ba ta da katin shaida, ba ta da layin kanta, sai ta sa na mahaifinta. Alhaji ya rasu bayan babbar salla. Wayarsa na cikin akwatin mahaifiyarta, Inna Iyatu, a kashe, ta hana kowa taɓawa.

Ta kira Bibemi.

"Inna, jam na, kina lafiya? Don Allah ki kunna wayar Baba."

Inna ta ce, "Ba zan iya ba."

"Inna, abincin mutane ne. Lamba kawai za ta shigo, ki karanto mini."

Na raɗa mata cewa ai batir ya daɗe da mutuwa. Ta harare ni. Muka ji ƙarar murfin akwati, sai ga kiɗan wayar tana tashi. Inna ta karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya.

Rumbun ya buɗe. Khaula ta duba, ta leƙa ta taga ta ɗaga murya: "Ku yanke yau, kada ku kai gobe!"

Tsakar ofis ta watse. Khaula ta mayar da waya kunne.

"Inna, yaya aka yi da caji a ciki?"

"Kowace Juma'a nakan sa mata," in ji Inna. "Kunnawar ce ban iya ba."