Ɗakin da Yaya Ya Gyara wa Inna

Shekarar da ɗiyata take aikin bincikenta na ƙarshe a jami'a, ni ce 'yar rakiyarta. Abin da aka ba ta shi ne zaman tsofaffi: inda suke kwana, wanda yake kula da su, da ko ya dace a gina musu gida nasu na musamman, kamar yadda ta ce ana yi a wasu ƙasashe. Tsofaffin mata ba sa sakin jiki da budurwa mai riƙe da waya, shi ya sa ta roƙe ni in riƙa shiga gaba da sallama. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da goyo a bayana na yi shi, amma gaisuwa da zaman tabarma ba sai an koya mini ba.

Mun shiga gidaje cikin gari, mun je har Dundaye. Ko'ina amsa ɗaya muke samu: "Lahiya lau, ɗiyana suna ƙoƙari." Ko da kana ganin tsohuwa kwance a ɗakin da ake jibge buhunan gero, haka za ta ce maka. Wace uwa ce za ta tona asirin ɗanta a gaban baƙo? Wata rana muna cikin keke za mu koma gida, ɗiyata ta ce, "Mama, bari in gwada tsohuwarmu. Ita dai ba ta jin kunyata."

Tsohuwarmu ita ce Inna, mahaifiyata. A wani lungu kusa da Hubbare aka kai ta amarya, a nan ta haife mu, a nan ta yi takabar mahaifinmu. Wata damina bangon ɗakinta ya zube, Allah ya sa tana tsakar gida. Yaya, babbanmu, ma'aikacin gwamnati ne, ya ɗauke ta ya kai ta gidansa a Arkilla. Ya ware mata ɗaki mai tayil da fanka da bayi a ciki. Duk wanda ya je ya gani sai ya sa masa albarka, kuma ya cancanta.

Sai dai Yaya ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba, "wancan" take cewa. Ba ta cin abinci a gabansa, ba ta haɗa ido da shi. A tsohon gida wannan bai taɓa zama matsala ba, domin akwai Gwaggo, maƙwabciyarmu ta katanga ɗaya. In Inna tana son wani abu a wurinsa, sai ta faɗa wa Gwaggo, ita kuma ta tare shi a zaure ta isar. A Arkilla babu Gwaggo. Kullum da safe zai durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta kau da kai wajen bango ta amsa. Ya ce, "Akwai abin da ake bukata?" Ta ce, "Babu." Matarsa mutuniyar kirki ce, amma malamar makaranta ce, da safe take fita da yara, kuma tsakanin suruka da suruka ma akwai tata kunyar.

Muka je da hantsi. Maigadi ya buɗe mana ƙofa, gidan shiru sai ƙarar fanka. Ɗiyata ta kunna ɗaukar murya a waya, ta ajiye ta a kan tabarma ta ce, "Tsohuwa mai ran ƙarfe, yau jarrabawa na zo yi miki."

"Ja'ira. Ke da ba ki iya dama hura ba, mi kika sani da za ki tambaye ni?"

"Wa yake kawo miki abinci?"

"Ana kawowa. Har ya yi yawa."

"Ɗakin fa, ya yi miki?"

"Ɗaki kamar na amarya. Saura ango, ko za ki ba ni aron naki in kin samu?"

Muka yi dariya. Sai ɗiyata ta ce, "To daga safe zuwa dare, da wa da wa kike hira?"

Inna ta murza carbi. Can ta nuna taga da haɓa. "Akwai wani ƙadangare da ka zuwa nan in rana ta ɗaga. Shi ma jiya bai zo ba."

Ɗiyata ta so ta yi dariya, ta ga fuskar kakarta, ta fasa. Ta sassauta murya ta ba ta labarin gidajen da ake tara tsofaffi wuri ɗaya, da ma'aikata masu kula da su, ta tambaye ta ko tana ganin irin wannan ya dace da mu. Na zaci Inna za ta yi salati ta ce Allah ya kiyaye, kamar yadda duk sauran suka yi. Sai ta ce, "Su can, suna ganin junansu?"

"Suna gani."

"Ashe sun hi ni." Ta gyara zama. "Ke, kashe abin ga. Ni gida nika so. Ko bangon kara anka yi mani, ya ishe ni. Can in na yi tari Gwaggonku na ji. Matan da ka zuwa ziyara Hubbare su shigo su roƙi ruwan alwala, mu gaisa, in ji labarin garinsu. Nan ko mutuwa niy yi, sai an taso makaranta."

Na ce, "Inna, me ya hana ki faɗa mini tuntuni?"

Ba ta dube ni ba. "In haɗa ki da ɗan'uwanki? Yaro ya kashe dukiyarshi, in ce ban gode ba?"

Na kwana biyu ina juya maganar kafin na sami Yaya. Ni ba mai yawan magana ba ce, kuma ban saba tsayawa gabansa da irin wannan ba. Na faɗa masa a hankali, ban ƙara ba, ban rage ba. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce, "Kullum sai na tambaye ta. Kullum." Na ce na sani. Ya ce, "To wa zai kwana da ita can? In ta faɗi fa?" Na ce ni zan riƙa kwana, yarana sun girma. Sai ya ce a bari ruwa ya ɗauke a gyara mata ɗakin.

Ruwa ya ɗauke, aka fara aiki, aka tsaya, aka ci gaba. Yaya ba ya son aikin kara, da bulo ya tayar da bangon, ya sa sabon kwano, ya ce sai an yi bayi irin na zamani saboda gwiwoyinta. Kafin a gama wata damina ta shigo ta fita. Duk wannan lokaci Inna ba ta tambaye shi ba ko sau ɗaya. Jikarta take tambaya: "Ja'ira, an sa ƙyaure?"

Ranar da muka kai ta, tun asuba ta ɗaure kayanta da kanta. A mota ta zauna a baya, ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta da ke wajen Yaya. Da muka shiga lungun ta ce a tsaya, da ƙafarta za ta ƙarasa. Ta dafa kafaɗata muka taka a hankali.

Ƙofar Gwaggo da kwaɗo. Mun san 'yarta ta ɗauke ta zuwa Dundaye bayan ta yi shanyewar ɓarin jiki, amma babu wanda ya iya faɗa wa Inna, kowa yana cewa ai za ta samu sauƙi ta dawo. Mai furar da ke kallon gidanmu ta rasu da azumi. Gidan da ke kusurwa an sayar, an fasa shi an yi shagunan yadi.

Na shimfiɗa mata tabarma a zaure. Ta zauna tana kallon hanya. Masu ziyara suna ta wucewa da robobin ruwansu a hannu, babu wanda ya shigo. Bayan azahar wata yarinyar mace mai goyo, cikin sababbin 'yan haya na maƙwabta, ta leƙo ta gaishe mu da ladabi, ta ce, "Sannunku da zuwa. Baba baƙuwa ce?"

Inna ta ce, "Baƙuwa ce, ɗiyata."

Ta yi la'asar a sabon ɗakin. Da ta sallame ta shafa bangon da tafin hannu, ta ce aiki ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Yaya yana tsaye a tsakar gida, ya ji. Sannan ta kira jikarta ta ce, "Hwaɗa ma wancan shi mai da ni. Kar a kwance kayan."

Ba ta sake tayar da maganar gida ba. A ɗakin Arkilla ta cika, da rana, ina gefenta, domin tun daga ranar nan na koma yini a can. Ɗiyata ta gama karatunta, ta ce ta sa maganar kakarta a cikin aikin ba tare da suna ba. Ban ce ta karanta mini ba.

Ɗakin lungun Hubbare yana nan a rufe. Masu shagunan yadi sun nemi haya su mai da shi wurin ajiya, sun aiko har wurina in sa baki. Yaya ya ce a'a, bai kuma faɗi dalili ba.