Saura wata uku Malam Ummaru ya gama

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin fita ɗansa ya kira ni: Malam Ummaru ya rasu. Tun ɗazu nake zaune a mota, na kasa tayar da ita.

Yawancinku ba ku san shi ba. Wannan ma yana cikin abin da ke ƙona min rai.

Zamanin da kuɗin mai ya ɓarke, gwamnati ta ɗebi samari ta tura Turai karatu, Malam yana ciki. Digiri na biyu ya je yi a kan injinan hoton asibiti, masu nuna ƙashi da abin da ke cikin jiki. Saura wata uku ya gama, wasu sojoji suka ture gwamnati. Takarda guda aka aika musu: an soke tallafi, kowa ya dawo. 'Ya'yan manya iyayensu suka ƙarasa musu. Shi kuwa mahaifinsa gero yake aunawa a kasuwa. Ya dawo Sakkwato da akwati cike da littattafan da ya rubuta da hannunsa, babu satifiket.

A asibitin da na fara aiki na same shi. A takarda "mai gyara" ne. Amma da injin hoto ya tsaya, manyan likitoci har gida suke bin sa. Ya gyara, a je taro a yaba wa shugaban sashe.

Sau huɗu yana rubuta takarda a mayar da shi ya ƙarasa. A na ƙarshe ni na raka shi. Hafsan sojan da ke riƙe da ma'aikatar lafiya ya yi dariya ya ce, "Kai da ka iya aikin, me za ka yi da takarda?" Da ƙarin girma ya zo, wannan ofishin ne ya ce ba shi da takarda.

Bai taɓa bari na shiga ɗakin hoto ba rigar dalma ba. Yakan ce, "Nasiru, sa rigag ga. Hasken ga ba ya da ƙara, amma yana cin mutum."

Idan tsoho ya zo daga ƙauye yana tsoron injin, Malam kan kwanta a kan gadon injin da kansa, ya nuna masa ba ya cizo.

Ranar da na samu gurbin digiri na biyu ya ja ni unguwar Gidan Igwai muka sha fura. Washegari sai ga shi da akwatin nan a bayan babur. Ya ce, "Tahi ka ƙare muna karatun ga."

Bari in faɗi gaskiya yau. Rabin bincikena daga littattafansa ya fito, layi ɗaya na gode masa a ciki. Na dawo aka ɗora ni a kansa. In na shigo ofis sai ya miƙe tsaye, ya ce "ranka ya daɗe". Na yi ta cewa sai na zauna da gindina zan tayar da maganarsa. Ina wannan jiran ya yi ritaya a matakin da na same shi.

Bayan ƙaramar salla na je gaishe shi a Unguwar Rogo. Ido ya yi rauni, kai kuwa garau. Ya tambaye ni labarin sabon injin da aka kawo mana, mai aiki da maganaɗisu. Ya ce, "Mun karanta shi tun yana ga takarda. Ka kai ni in ga cikinai, ko sau guda."

Na ce, "Sati mai zuwa in sha Allah, Malam."

Tafiyar minti goma ce. Ban koma ba.

An jima bayan azahar za a sallace shi. Waɗanda suka danne fayil ɗinsa, masu sauran rai, za su zo da manyan riguna su ce mutumin kirki ne. Ni ma a sahunsu zan tsaya, ba ni da bakin zagin kowa.

Ya Allah Ka jiƙan Malam Ummaru, Ka haskaka kabarinsa, Ka biya shi abin da muka hana shi, Ka ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu. Ni kuma ku sa ni a addu'a, ban samu na roƙe shi gafara ba.