Sammacin da Dattijo Ya Ƙi Taɓawa

A shekarun fari ina masinjan kotun alƙali, ina kai sammaci ƙauyukan gefen Ɗambatta a kan keke. Ƙa'idar aikin ita ce a damƙa takarda a hannun mai ita, don kada a yanke wa mutum hukunci bai san an kai ƙararsa ba. Amma mutanenmu, Allah Ya shirye su, sun ɗauka muddin ba ka taɓa takardar ba, shari'a ba ta hau kanka ba.

Akwai wani dattijo da ɗan wansa ya kai ƙara a kan gona, wai gadon ubansa ce. Ita ke nan dattijon yake da ita, a bakin fadama, inda ko a farin nan ana samun abin kaiwa baka. Duk garin an san dattijon saye ya yi, shaidunsa biyu suna raye. Zuwa kawai zai yi ya buɗe baki.

Na yi sallama a zaure, matarsa ta amsa daga ciki, wai ya tafi cin rani. Cin rani? Ga tarinsa ina ji! Gidan matan aure ne, ba ni da ikon wuce zaure. Na ɗaga murya na ce, "Baba, wallahi ba kama ka na zo yi ba. Karɓi ka je ka kare gonarka." Ya ƙi fitowa. Sau uku ina zuwa, cikina ba komai sai ruwa. Mai unguwa ya ce shi ma ya yi faɗan har ya gaji.

Alƙali ya ba da umarni na liƙa takardar a ƙofar zaure. Na liƙa, na karanta da ƙarfi har maƙwabta suka fito. Daga baya na ji da sanda mutanen gidan suka ɓamɓaro ta, suka tura murhu.

An ɗage zama, an sake ɗagewa, bai zo ba. Aka saurari ɗan wan da nasa shaidun, aka ba shi gonar.

Ni ɗin dai aka tura da takardar hukunci. A bakin gonar dattijon ya tare ni, ya rame, wuya duk jijiya. Ya miƙo hannu biyu ya ce, "Malam, kawo, na yarda zan karɓa."

Takaici ya sa na daka masa tsawa, abin da har yau nake jin kunyarsa. Ya karɓa, ya ninke ta a hankali, ya sa a aljihu, sannan ya tambaye ni wace rana zai zo ya faɗi nasa.