Adda Baraka Mai Ciyar da 'Yan Shanu a Ikko

Kafin rana ta leƙo ta kan duwatsun Roni, Adda Baraka ta riga ta yi salla, ta share tsakar gida, ta hura wuta. Tukunyar da take ɗorawa ta fi ƙarfin cikin mutum ɗaya nesa ba kusa ba, amma hannun da ya saba auna wa ayari bai iya auna wa tsohuwa ita kaɗai ba. Sai ta tuƙa, ta kwashe a akushi, ta rufe da faifai, ta zauna a bakin ƙofa tana jan carbi. Masu zuwa rijiya su wuce, masu zuwa gona su wuce. Wasu su gaishe ta a tsaitsaye, wasu kuma sai lokacin ne za su hango abin kallo a ɗaya gefen hanya. Da la'asar ta ci abin da za ta iya, saura ya zama rabon kaji.

Laifinta a garin nan ɗaya ne: ta yi zaman Ikko, ta sayar da tuwo. A wurin mutanenmu kuwa, mace in ta sayar da tuwo a bariki an gama mata hukunci, ba sai an je gaban alƙali ba. Ba a cin girkinta, ba a aika mata kwano, ba a kiranta ta sa hannu a tukunyar biki.

To, ga abin da ba a faɗa. Baraka ta bi mijinta ne, wani mai fataucin goro, tun jirgin ƙasa yana abin kallo. Suka kama gida a zangon Hausawa, yana saukar da baƙi tana dafa musu. Da Allah ya yi masa rasuwa, baƙin ba su daina sallama ba, ita kuma ba ta iya cewa a koma ba. Haka ta zauna har furfura ta cim mata a can.

Wanda bai taɓa zuwa bakin teku ba ba zai gane wahalar baƙo a can ba. Gero babu, nono babu, kuka sai dai a mafarki. Abin da ke akwai shi ne teba da sakwara, da miya ja wur da manja, barkono kamar an yi faɗa da mai ci. Ka leƙa tukunya ka ga kaguwa ta miƙo ƙafa, ko dodon koɗi, ko wani kifi mai gashin baki. Kuma mutanen can a fili suke cin abincinsu, a bakin titi, a kan benci, ana kallon juna ana hira ana lasar yatsa, miya a kwanonta daban ana dangwala. Su a wurinsu wannan shi ne zumunci. Bahaushe ɗan kasuwa yakan daure ya saba. Amma Fulaninmu na Roni da Gwiwa da Babura da suke rako shanu, waɗanda fulako ya hana su ko tauna goro a gaban mutane, yaya za su yi?

Baraka ce ta gano bakin zaren. Ta je wurin matan garin ta koyi girkinsu, sannan ta rarrashe shi ya dace da cikinmu: ta soya manja da albasa har ƙarninsa ya fita, ta rage barkono, ta tuƙa garin rogo da laushi ya yi kama da tuwo, nama kuwa sai wanda ta san mahaucin da ya yanka. Ba ta tsaya nan ba. Ta sa aka kafa zana a bayan gida, aka raba ta lungu-lungu, kowane lungu da tabarma da buta. Sai ta ajiye akushi ta juya baya. Mutum ya shiga ta wata kafa, ya ci, ya fita ta wata, ba wanda ya ga hannunsa ya je baki. Ta kuma ɗaukar wa kanta doka: wanda ya ci a bayan zana, ba za ta taɓa ambatarsa ba.

Halliru mai goro, mutumin Kazaure, yana nan da ransa, shi ya ga wannan da idonsa. Wata shekara bayan yaƙin Bama, wanda aka kwashi sojojinmu zuwa ƙetare, wani matashi Hamma ya rako shanu tare da surukinsa, Baffa Daudu. Tun daga Kano suna tarago ɗaya, wannan ba ya ci a gaban wannan, wancan ba ya ci a gaban wancan. Suka iso Ikko, ɗaki ɗaya. Hamma ya riƙa ɗaure ciki da rawani yana cewa lafiya lau, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar kara, kasuwar shanu, shanu suka kusa tattake shi. Aka kwaso shi sai gidan Baraka.

Ta dube shi ta ce, "Wannan ba zazzaɓi ba ne, ku ba ni wuri."

Ta aiki Baffa Daudu neman wani ganye da ta san babu shi a Ikko, ta dama kunun masara ta riƙa ba Hamma da ludayi kamar jinjiri. Da ya farfaɗo ya ce, "Adda, kada kowa ya ji." Ta ce, "Ji me? Ni ban ga kowa ba." Da tsohon ya dawo hannu rabbana, shi ma yunwa ta ci ƙarfinsa, ta nuna masa lungun ƙarshe. Suka yi sati suna ci a gida ɗaya, zana ce kawai tsakaninsu, kowa yana nuna wa ɗan'uwansa shi iska yake sha.

Ke ce uwar ayari, Baraka, rumfa sha shirgi. Ke ce kika tsare wa maza mutuncinsu a garin da ba wanda ya san ubansu. Ke kika san wanda ya yi kuka da barkono, da wanda ya nemi ƙari, ba ki taɓa ba da labari ba.

Yau Hamma shi ne Ardo, shi ke tara jangalin rugagen yammacin Roni, Di'o ma, babban jami'in gunduma, ya san sunansa. Kalmarsa ɗaya ta isa ta wanke ta a garin nan. Da aka yi masa jika bana, Baraka ta ga dama ta samu. Ta fito da kwalbar manja da wani direba ya kawo mata, ta yi shinkafa da miyar busasshen kifi irin wadda Hamma yake so, ta ɗauka da kanta ta kai gudummawa. Matan gidan suka ɗaga faifai suka ga miya ja, suka mayar suka rufe. Uwargida Shatu ta ce a fitar da shi, su ba sa cin tuwon bariki ranar suna. Aka dire akushin a ƙofar zaure, a gaban taron maza, Baraka na tsaye a gefe.

Halliru ya kasa haƙuri. Ya ce, "Ardo, ranka ya daɗe, kai fa ka sauka a gidan matar nan. Ka san irin gidan da ta riƙe. Faɗa musu mana."

Ardo ya saci kallon gefensa. Baffa Daudu na zaune a kan buzu, ya tsufa tukuf amma kunnensa garau. Yaya mutum zai yi zancen cikinsa a gaban suruki? Tsohon kuma yaya zai yi nasa a gaban mijin 'yarsa? Baffa Daudu ya sunkuya yana gyara carbi, Ardo ya gyara rawani ya ce, "Ni dai in na je Kurmi, guzurina nake ci."

Halliru ya juya wajen Baraka. "Adda, to ke ki faɗa! Ki faɗa a ji!"

Ta dubi Ardo da surukinsa. Sannan ta durƙusa ta ɗauki akushinta ta ce, "Halliru, ni ban ga kowa ba. Allah ya raya yaro."

Ana cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wannan dai ya faɗi, a ƙofar zaure, mutane suna kallo. Abin da ke ƙona rai shi ne, a taron nan ba Ardo da surukinsa kaɗai suka san hanyar bayan zana ba. Da za a ce duk wanda ya taɓa ci ya tashi tsaye, da tabarmi sun yi fili. Kunyar da ta tsare musu ita suka fake da ita suka bar ta a rana.

Mun gode, Adda Baraka, a madadin bakunan da suka ci suka goge. Allah ya ciyar da ke daga inda ba a mayar da akushi. Matanmu da ke saukar baƙi, ku koyi nata: ku ciyar da mutum yadda zai iya ci, ku rufa masa asiri.

Ku kuma mazan Roni, gidanta ba ɓoyayye ba ne, kuma har gobe za ta hura wuta. Ku je ku yi sallama ku ci tun tana gani. In kun ƙi, akwai ranar da za a raba gumbar sadakarta a ƙofar gidan nan, kuma mun san ku, ranar kowa zai miƙa hannu ya ci a gaban kowa.