Gyaɗar Dada a ɗakin gwaji

Shekarun baya, lokacin ina karatun digiri na biyu a nan Gombe, na taɓa kai ƙarar mahaifiyata da hannuna ba tare da na sani ba. Yanzu abin ya zama labarin da muke dariya a gida, shi ya sa na ce bari in ba ku.

Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. A unguwar Pantami muka taso, kuma da wannan sana'ar ta yi mana komai bayan rasuwar mahaifinmu. Ni ce 'yar fari, don haka ba ta kama sunana, sai dai ta ce "ke wannan". Ba ta kuma taɓa bari na zauna tsintar gyaɗa ba. Da na matso sai ta ce in tashi in je in yi karatuna. Haka na girma a gidan gyaɗa ban san komai a kan gyaɗa ba sai ci.

Malamin da ke duba bincikena ya raba mini aikin gida biyu. Na farko, in tattaro gyaɗa da masara daga kasuwa da gidaje, in ga wace irin fumfuna ke tsirowa a jikinsu. Akwai wata irin fumfuna da ke barin guba a cikin abinci, ana kiranta afilatoksin. Suya ba ta kawar da ita, kuma idan mutum ya daɗe yana ci, hanta take taɓawa. Na biyu kuma, in gwada ko za a iya sa wannan fumfunar ta yi aikin kirki, wato ta mayar da ruwan sinadarin azurfa ya zama wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, waɗanda ake sa ran za su iya kashe ƙwayoyin cuta.

Tare muke aikin da wata ƙawata 'yar Kaltungo, wadda ke zaune wurin yayarta a unguwar Federal Low-Cost. Ita masara take bi, ni gyaɗa. Haka muka dinga hawa keke daga Madaki zuwa Pantami muna sayen gwangwani ɗai-ɗai. Wasu masu sayarwa suka ɗauka duba-gari ne mu, suna ganinmu sai su rufe buhu.

Ran nan da safe zan fita, sai na tuna ina bukatar gyaɗa mai tsabta da zan riƙa gwada sauran da ita. To ina zan samu wadda ta fi ta Dada? Na leƙa madafi, na ga ƙwaryar da ake ɗibar gyaɗar miya da ta kunu, na ɗebi cikin hannu. A tunanina, ai wadda muke ci a gida ita ce zaɓaɓɓiya. Har da cika baki na yi wa ƙawata, na ce yau za ta ga gyaɗar da ake kira gyaɗa.

Muka jera ƙwayoyin a kan farantan gwaji, muka rufe, muka bar su. Bayan 'yan kwanaki ina shigowa sai na tarar da ita tsaye riƙe da faranti ɗaya, ta ɗaga shi wajen taga.

"Ƙawata, zo ki gani. Wannan daga wace kasuwa kika samo shi?"

Duk farantin ya lulluɓe da kore-kore mai ruwan ɗorawa, kamar an barbaɗa garin kuka. Na duba lambar da ke jiki, na sake dubawa. Lambar gyaɗar gidanmu ce. Ta ga fuskata, sai ta ajiye farantin a hankali ta ce, "Kai, sannu fa. Ko mu sake, wataƙila kuskure ne." Muka sake. Haka ya ƙara fitowa. Malamina ya aika da samfurin zuwa wani ɗakin gwaji da ya fi namu kayan aiki, aka tabbatar akwai gubar.

Na daɗe ina juya yadda zan gaya wa Dada. Wata rana da la'asar na same ta a tsakar gida ta baza tabarma tana tsinta. A ranar na fara lura da yadda take yi. Masu kyau ta zuba a daro, waɗanda suka yamutse ko suka canza launi ta jefa a ƙwarya. Ƙwaryar nan dai ta madafi.

Na ce, "Dada, waɗannan na ƙwaryar me ake yi da su?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Me kike sha da safe? Ai ba zan sayar wa mutane abin da ya lalace ba. Namu ne na gida."

Sai da na zauna a ƙasa. Wato tsawon shekarun nan, saboda tsoron Allah, mai kyau take ba mutane, mu ci mai lahanin. Na yi mata bayani yadda zan iya. Amma na yi shi irin na 'yar boko, da dogayen kalmomi da gaggawa, kamar ina gaban allo.

Ta tsayar da hannunta. "Ke wannan, guba kike cewa ina ba 'ya'yana?"

"Ba haka nake nufi ba, Dada."

"Da wannan gyaɗar kika yi ƙashi da tsoka. Da ita kika je makarantar da yau kika dawo kina gaya mini magana. Wa kika ga ya faɗi ya mutu?"

Ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki. Kwanaki suka wuce, gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. In na ce ina kwana, ta ce lafiya, shi ke nan. Wanda ya san Bafulatana irin Dada ya san wannan shirun ya fi duka ciwo.

Ƙawata ce ta ba ni shawara. Ta ce ita ma ta sha fama da babanta a kan rumbun masara, kuma surutu bai yi mata amfani ba. Ta ce, "Kar ki ƙara yi mata lacca. Kai mata ta gani da idonta." Muka liƙe farantai biyu da kyau yadda ba abin da zai fita, ɗaya na gyaɗar ƙwarya, ɗaya na gyaɗar daro da na ɗebo daga baya. Ta ce za ta raka ni, domin Dada ba za ta shige ɗaki ta bar baƙuwa a tsaye ba.

Haka kuwa aka yi. Dada ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, suka gaisa. Ƙawata ta ajiye farantan ta ce, "Mama, duka biyun daga gidan nan suke. Wannan wadda kike sayarwa ce, kin ga fumfunar kaɗan ce. Wannan kuma ta miya."

Dada ta daɗe tana kallon koren farantin. Can sai ta yi wata tambaya da ban zata ba. Tana da ƙane, kawuna, manomin gyaɗa, wanda ya rasu da ciwon hanta ina ƙarama.

Ta ce, "Wannan ne ya tafi da kawunki?"

Na so in ce a'a don hankalinta ya kwanta. Amma na ce, "Ban sani ba, Dada. Abubuwa da yawa na kawo ciwon hanta, babu wanda zai iya sani yanzu. Abin da na sani shi ne za mu iya kare na gaba."

Ta share ido da bakin zanenta. Sannan ta miƙe, ta shiga madafi, ta fito da ƙwaryar. Ta ce, "Ko awaki zan ba?" Muka ce a'a, su ma tana yi musu illa, har cikin nono take bi. Sai ta ɗauki fartanya ta nufi bayan gida ta binne.

Daga ranar abubuwa suka canza. Aka ɗora buhuna a kan katako, aka janye su daga jikin bango. Shanya ta koma kan tamfol, kuma ba a ɗurawa a buhu sai ta bushe ƙayau. Dukkanmu muka je asibiti aka duba mu, Allah ya sa ba a ga komai ba. Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba, domin abin da ake zubarwa asara ce a ƙaramar sana'a irin tata, kuma wasu maƙwabta sun ce boko ya shiga kan tsohuwa. Amma Dada in ta yarda da abu ba ta yin rabi. Ita ce ta koma yi wa mata bayani a wurin injin niƙa, da Hausa da Fulatanci, kuma sun fi jin nata a kan nawa nesa ba kusa ba.

Saura kashi na biyu na aikin, wanda ya kusa sa ni ajiye karatun. Mukan raini fumfuna a cikin ruwan abinci na musamman, mu tace, mu zuba sinadarin azurfa a ruwan da aka tace, mu jira. Idan an dace, ruwan zai rine ya koma ruwan ƙasa. Namu kuwa ya ƙi. Yau a ɗauke wuta injin da ke girgiza ruwan ya tsaya, gobe wata ƙwayar cuta ta shiga ta ɓata komai. Na gwada fumfunar kasuwanni iri-iri, kwalabe suka yi ta kallona ina kallonsu. Ta gidanmu kuwa na tura ta can ƙarshen firij, domin ko ganinta ba na son yi.

Malamina ne ya ce, "Ita waccan da kika ɓoye, laifin me ta yi da ba za a gwada ta ba?"

Na gwada ba don ina so ba. Da na dawo duba kwalbar, ruwan ya koma kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Na ƙwala wa ƙawata kira har wani ma'aikaci ya leƙo ya ɗauka gobara ce. Bayan an tabbatar ƙwayoyin azurfar ne, muka ɗiga kaɗan a tsakiyar farantin da aka shuka fumfuna. Ta tsiro ko'ina, amma ta bar fili fes kewaye da ɗigon.

Na kai wa Dada hoton a waya. Ta kalla, ta gyaɗa kai, ta ce, "To madalla. Sai ki kawo a yayyafa a buhunana."

Na ce, "A'a, Dada, da sauran aiki. Sai an tabbatar ba zai cutar da mutum ba, kuma wannan shekaru yake ɗauka."

Ta ce, "Ku dai 'yan boko, tuwonku ba ya nuna da wuri."

Gaskiyarta. Har yau da nake koyarwa, ina kan wannan binciken, kuma har yau bai kai a sa shi kusa da abinci ba. Amma ban karaya ba. Abin da na koya shi ne, sanin gaskiya daban, iya kai ta gida daban. Ni na zo da sakamako, ƙawata ta zo da ladabi, Dada kuma ta zo da zuciyar da ta iya karɓar magana mai ɗaci daga bakin 'yar cikinta. Da ɗaya ya ɓace a ciki, da aikin ya ƙare a kan takarda.

Dada ta tsufa yanzu, ƙannena ke riƙe da sana'ar. Amma duk kaka sai ta aiko mini da ƙulle-ƙullen gyaɗar maƙwabta a leda, wai in duba musu. Jikokin waccan fumfunar kuwa suna nan a firij ɗinmu, muna ta aiki da su. Kwanan baya na gaya mata haka, sai ta yi dariya ta ce, "Ki gaishe ta. Ki ce kar ta yi lalaci. Tunda ta ci abincin gidana, ai sai ta yi wa mutane aiki."