Jarumtar Mai Walda a Gadon Asibiti

Mai walda bai taɓa yarda akwai ciwo a duniya ba, sai ragwanci. In tartsatsi ya ƙona ma'aikacinsa, sai ya ce, "Tofa masa yawu." Ko naƙudar matarsa raki ya kira ta. Haka ta tsufa tana haɗiyar wannan baki.

Da hanyoyin jinin zuciyarsa suka toshe, aka ce sai an buɗe ƙirji. Likitar da ke sa barci ta zaunar da shi da matarsa, ta ce za ta yi masa allura a gefen ƙashin ƙirji, ta kashe jijiyoyin da ke kai zafi, don ya farka yana iya numfashi da tari ba sai an yi ta ɗura masa magani mai bugarwa ba. "Amma na ɗan lokaci ne, Baba. Kafin ta sake ka, ka sha ƙwayoyin da za a ba ka." Matar ce ta saurara. Shi yana can yana kushe waldar ƙafar gado.

Ya farka garau, baki ya buɗe. Duk ɗan dubiyar da ya shigo sai ya nuna masa bandeji. "An faskara ni kamar itace, ko gezau!" Ya harari dattijon da ke nishi a gadon kusa, ya ce wasu mazan gemu kawai suka tara. Nas ta kawo ƙwayoyi, ya ture.

"Baban yara, allurar ce fa ke riƙe da kai," in ji matar.

"Ke me kika sani?"

Ta ci gaba da ɓare lemo.

Washegari da hantsi allura ta sake shi, ga tari ya taso. Ihun da ya kurma sai da mai shara ta yar da tsintsiya. Ya kira uwarsa da ta daɗe a ƙasa, ya damƙe zanin matarsa yana roƙon ƙwayar da ya raina. Dattijon nan ne ya miƙo masa matashi, ya nuna masa yadda ake rungume shi a ƙirji in za a yi tari.

Tsoron tari ya sa majina ta taru masa a ƙirji, har dattijon ya riga shi komawa gida. Mai walda dai ya warke, ya koma shago. A bakinsa yanzu, likitoci har taruwa suka yi kallon jarumtarsa. In ya fara labarin a tsakar gida, matar takan tashi ta ce ta bar tukunya a wuta.