Bulo Huɗu a Dokin Ƙofarmu

Yayana magini ne, kuma a layinmu ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Sai-na-auna ake ce masa, domin duk abin da ka tambaye shi amsar ke nan. Bangon nan zai kai baɗi? Sai na auna. Za a yi ruwa yau? Sai na auna. Ranar da matarsa ta haifi ɗansu na fari ta tambaye shi da wa yaron ya yi kama, ya buɗe baki ke nan ta ce in ya kuskura ya faɗa da kofi za ta jefe shi. Bai faɗa ba, amma an gan shi yana duban hancin jaririn da ido ɗaya.

Ni ce autar gidan. Ina aiki a wani shagon magani, ɗakina kuma yana jikin na Inna, saboda haka duk abin da zan faɗa a gabana aka yi shi. Gidanmu ne na ƙarshe a layin, can ƙasa inda gangara ta ƙare. A da, bayan katangarmu kwari ne mai manyan itatuwa da ciyawa. In aka yi ruwa sai ya gangaro ta layi, ya wuce ta ƙofarmu ko sallama babu, ya faɗa kwarin, kafin yamma ƙasa ta shanye shi. Ba wanda ya taɓa gode wa kwarin nan. Mu dai mun san shi gidan kwaɗi ne, da wurin da ake yar da tsohuwar katifa.

Gida huɗu sama da namu akwai Goggo mai saƙa, aminiyar Inna. Ba su haɗa jini ba, amma sun shekara hamsin tare. Kullum da hantsi Inna takan ɗauki 'yar kujerarta ta haura can, su zauna a bakin ƙofa, Goggo tana saƙa hular jarirai, Inna tana gaya mata ba haka ake yi ba. Taku arba'in ne daga ƙofa zuwa ƙofa. Yaya ne ya auna.

Sai aka zo faɗaɗa babban titin da ke hayin kwarin, hannu biyu za a mai da shi shida. A kwana tara aka sare itatuwan tas. Aka shiga juye jar ƙasa ba dare ba rana har kwarin ya cike ya zama tudu, aka shimfiɗa kwalta a kai. Da aka gama, in kana tsaye a tsakar gidanmu tayoyin manyan motoci kake hangowa sama da rufin ɗaki. Inuwar da muke samu da rana ta tafi. Kwaɗin da aka tasa suka dawo layinmu da zama, sauro ma bai ga dalilin yin nisa ba.

Yaya ya samu aiki a wurin. Shi da wasu magina aka ba su kwalbatin da zai ratsa ƙarƙashin titi, wanda aka ce shi zai riƙa kwashe ruwan layinmu ya kai wancan hayin. Rana ta uku ya fito da siririn tiyon da yake cika wa ruwa don ya gane inda ya fi tudu. Ya auna bakin nan da bakin can, ya sake aunawa, sannan ya je ya sami injiniya a ƙarƙashin laima.

"Ranka ya daɗe, bakin da ke wajenmu ya fi na can yin ƙasa da inci shida."

"To?"

"To ai ruwa ba ya hawa tudu. Na can ne zai zo mana."

Injiniya ya warware takarda ya ɗora yatsa a kai. "Ga zane nan. Kai ka zana?"

"A'a."

"To je ka zuba kankare."

Ya je ya zuba. Abin da yake ba ni haushi har yau shi ne yadda ya zuba shi. Da wani ne, da ya yi algus a siminti, kwalbatin ya rufta a damina ta biyu, a zo a sake. Yaya bai iya algus ba. Shekara biyar ke nan ko tsaga babu a jikin abin nan, kuma in mun bi ta wurin har rage tafiya yake yi yana kallonsa.

Ruwan farko da aka yi bayan buɗe titin, na layi ya gangaro daga sama, na hayi ya ɓullo ta kwalbati, suka haɗu a ƙofarmu suka rasa wurin zuwa, sai suka shigo. Baƙi ne, yana ƙyallin man mota, ga ledoji. Washegari Yaya ya kwaɓa siminti ya jera bulo layi ɗaya a dokin ƙofa. Tela maƙwabcinmu ya leƙo ya gani, ya ce shi ma yana so. Kafin daminar ta fita Yaya ya ɗaga dokin ƙofar gida goma sha bakwai, har daga wasu layukan ake aiko masa. Bai taɓa samun aiki haka ba a rayuwarsa.

Sai dai duk gidan da ya toshe, ruwan da a da yake bajewa a tsakar gidan nan sai ya ci gaba da gangarowa. Ni da ba magini ba ma na lura.

Na ce, "Yaya, ka san duk ƙofar da ka ɗaga mu kake turo wa ruwanta?"

"Na sani. Kowane gida yana ƙara mana kusan rabin inci."

"To don Allah me ya sa kake yi?"

"Gidan tela akwai jariri mai rarrafe. In ce masa me?"

Sai na yi tsaki na shige ɗaki, wanda shi ne abin da nake yi in an fi ni gaskiya.

Haka aka tafi, kowace damina layi ɗaya. Lokacin da yake bulo ɗaya, Inna takan dafa bango ta tsallake. Da ya zama biyu, sai ta fara jefa kujerar waje sannan ta bi ta. Da ya zama uku, sai ta zauna a kan bulon ta ɗaga ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya da hannu, masu wucewa suna gaishe ta tana amsawa ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. A na huɗu gwiwa ta ce ta gaji. Yaya ya yi mata matakala ciki da waje, ta gwada sau biyu, gwiwar ba ta lanƙwasu ba. Ya ce zai yi mata gangare mai sauƙi, ya fito da igiya ya auna, ya ga sai dai gangaren ya fara daga ƙarƙashin gadonta. Ya ce to a riƙa ɗaukarta a tsallakar.

Inna ta ce, "Ni ba buhun siminti ba ce. Sau ɗaya za a ɗauke ni a fitar daga gidan nan, kuma ranar ba ta zo ba tukuna."

Ita ma Goggo tana can bayan bulonta uku. Danshi ya hau bangon ɗakinta har taga, ya yi kore, tari ya kama ta ya ƙi saki. Sai ga tsofaffi biyu, taku arba'in tsakaninsu, suna hira a waya. Da hantsi Inna takan zauna a zaure tana fuskantar bulon, waya a kunne, tana ɗaga murya yadda na tabbata ko ba wayar Goggo za ta ji ta. Fiye da shekara guda ba su sa juna a ido ba. Nakan wuce ta a nan in zan tafi aiki, in yi mata wasa in ce ta gaishe mini da mutanen ƙasar waje.

A tsakiyar daminar bara ɗan Goggo, wanda yake direban babbar mota, ya zo ya ce zai tafi da ita garin da yake zaune, tafiyar yini guda. Likita ya gaya masa in ta ƙara wata uku a ɗakin nan ƙirjinta ba zai kai ba. Ran Laraba ya kira Yaya ya fasa masa dokin ƙofarsu, domin kabad da gado ba za su fita ba sai an fasa. Ran Alhamis, ranar da za su tafi, da safe muka tashi muka tarar da Inna a zaure, ta yi wanka ta sa kayanta na fita, har da takalmi.

"Kai, magini."

"Na'am, Inna."

"Na ji jiya ka fasa wa kabad hanya."

"E, Inna. Ba zai fita ba sai an fasa."

"Ni ma haka."

Yaya ya leƙa waje ya dubi sama. Hadari ya riga ya fara haɗowa. Ya ce, "Inna, kafin yamma ruwa zai sauko. Ko na mayar da bulon yau siminti ba zai kama ba. Ki bari mu ɗauke ki ni da direba, ba wanda zai gani."

"Ni zan gani."

Matar Yaya ta fito daga ɗakin girki da ludayi a hannu, ta dubi mijinta, ta dubi buhunan abincin da ke ƙasa. Yaya ma ya dube su. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da guduma.

Awa ɗaya da rabi ya yi yana fasawa, domin wanda ya gina bai yi wasa ba. Ya kwashe baraguzan, ya share wurin da tsintsiya. Inna ta miƙe ta dafa kafaɗata, muka fita da ƙafarta. Tana tafe a hankali tana duban koren zanen da ruwa ya bari a jikin kowace katanga, tela ya fito da almakashi a hannu yana gaishe ta kamar wadda ta dawo daga doguwar tafiya.

Mun sami Goggo a kan katifa a tsakiyar ƙullin kaya, ta rame har ta ba ni tsoro. Suka dubi juna.

Goggo ta ce, "Kin tsufa."

Inna ta ce, "Ke an riga an ɗaure madubinki a kaya ne?"

Ta zauna kusa da ita. Na zaci za su yi ta magana, sai ga Goggo tana tari Inna tana bubbuga mata baya. Da rana ta take aka ɗora Goggo a kujera aka haura da ita bakin layi inda mota take. Inna ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi, har ta ce in na gama in zo mu tafi gida kafin ruwa.

Ya kuwa sauko kamar yadda Yaya ya ce. Ya shigo ta ƙofa ba abin da ya tare shi, ya cika tsakar gida, ya shiga ɗakuna har rabin ƙafar gado. Tukwane suka riƙa yawo, buhu biyu suka jiƙe, littattafan 'ya'yan Yaya suka zama ɓawo. Inna tana kan gado ta tanƙwashe ƙafa tana gaya mana abin da za mu fara ɗagawa. Kwana uku muna kwarfar ruwa da bokiti, matar Yaya ba ta yi wa kowa magana ba sai yara.

A rana ta huɗu Yaya ya shigo da katakai biyu masu kauri. Ya durƙusa gaban Inna ya yi mata bayani. Zai yi kwarmi a bangon ƙofa hagu da dama, a riƙa zura katakon in hadari ya taso, a zare in tana son fita. Ba zai tare ruwa kamar bulo ba, zai riƙa yoyo, kowane ruwa sai mun kwashe inci ɗaya ko biyu. Ya ce ya yi magana da matarsa ta yarda. Ni ma na ce na yarda.

Inna ta saurare shi har ya gama. Ta ce, "In fita in je ina?"

Sannan ta nuna masa katakan.

"Mayar da katakon mutane. Gina abinka, ka ƙara layi ɗaya ma, na ga na bana ya fi na bara."

Ya tashi ya je ya kwaɓa siminti. Ya jera layi biyar, bai ɗago ya dube ta ba ko sau ɗaya. Ruwa bai sake shigo mana ba a daminar nan.